A Kula da Bodin Tirela Kamar Yadda Ake Kula da Kanta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani ɓangare na harkar sufuri da ba a cika tattauna shi ba sai bayan an kwashe gawarwaki daga kan titi, wato kula da abin da mota ke ja a bayanta. Ina nufin bodin tirela da na tankar mai, har zuwa amalanken da tarakta ke ja lokacin kaka da tankunan ruwa da ake ɗaura wa ƙananan motoci a garuruwanmu. Na daɗe ina kanikancin manyan motoci, kuma abin da na sha gani shi ne mai mota ba ya wasa da kan tirelarsa: yana canza baƙin mai a kan lokaci, yana sauraren ƙarar inji, idan hayaƙi ya canza launi hankalinsa ya tashi. Bodi kuwa, da yake ba shi da inji, ba ya shan mai, kuma yawancin waɗanda ke kan hanyoyinmu ba sa kunna wa direba wata fitila idan sun samu matsala, sai a ɗauke shi a matsayin ƙarfe da tayoyi kawai, a bar shi har ranar da zai tsaya da kansa. Alhali a tirela mai aksil shida, uku a jikin bodi suke, kuma idan tayoyin biyu-biyu ne, 12 daga cikin tayoyi 22 suna can baya inda direba ba ya jin motsinsu.

Zan fara da boris, domin shi ne abu mafi araha a cikin abubuwan da zan ambata, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. A kowane ƙarshen aksil akwai boris biyu, na ciki da na waje, waɗanda hob, wato cibiyar da ake ɗaure wili a jikinta, ke juyawa a kansu, kuma duk nauyin da ke kan wannan wili ta kan waɗannan ƙananan ƙarafa yake bi. Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a wurin siririn shafi ne na giris, sai kuma sil ɗin roba da ke hana giris fita, ya hana ƙura da ruwa shiga. Da zarar sil ya tsufa ko ya tsage, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da giris ya koma kamar yashi yana cin ƙarfen. Da damina kuma matsalar ta fi haka, domin idan mota ta yi doguwar tafiya hob ya ɗauki zafi, sannan ta faɗa cikin ruwan da ya cika rami ko ya shafe kwalbati, sanyin da ya bugi ƙarfen nan take yana sa iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa ta gefen sil. Babu wanda zai lura a ranar. Bayan makonni tsatsa ta fara cin boris, ya fara ɗumi, ɗumin ya narkar da sauran giris, daga nan zafin ya ƙaru har ƙarfen ya canza launi zuwa shuɗi-shuɗi. Ƙarshen wannan hanya biyu ne: ko dai hob ya yi zafin da zai kunna wa taya wuta, ko kuma bakin aksil ya cinye, tayoyi biyu da gangar birki su fice tare su yi gaba cikin gudu. Wanda ya taɓa ganin tayar tirela ta ƙwace ta nufi kasuwar gefen hanya ba ya bukatar a yi masa bayanin haɗarin. Idan kuwa tankar fetur ce, wutar da ta tashi a ƙarƙashinta ba ta tsayawa a taya.

Abin takaicin shi ne boris ba ya mutuwa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Idan direba ya tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos domin cin abinci, zagaya mota da kai bayan hannu kusa da kowane hob ba zai ɗauke shi minti biyar ba, kuma wanda ya fi 'yan uwansa zafi shi ne mai matsala, ko boris ne ko birki ne ke kamawa. Baƙin maiƙo da ya fantsama a cikin rim alama ce ta sil ya saki. A gareji kuma, idan aka ɗaga wili da jak aka juya shi da hannu, kunne zai ji gurnani, idan aka kama sama da ƙasa aka girgiza, hannu zai ji wasa. Wasan da masu ƙera aksil suka yarda da shi bai wuce kaurin gashin kai ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, saboda haka ɗaure notin aksil aiki ne na awo, ba na ƙarfin damtse ba. Na sha ganin yara a gareji suna hawa kan dogon bututu suna tsalle domin su ɗaure shi tamau, suna ganin sun kyauta, alhali matse boris fiye da kima yana ƙona shi da sauri fiye da sakin sa. Haka nan idan an buɗe, wajibi ne a wanke tsohon giris gaba ɗaya, a duba ƙarfen a cikin haske, a cusa sabon giris har cikin tsakankanin ƙwayoyin, a sa sabon sil, kuma idan za a canza boris a canza shi tare da zoben da yake gudu a ciki. Ƙara sabon giris a kan tsoho, musamman idan ba iri ɗaya ba ne, yana iya sa su tsinke su zama ruwa. Kuɗin wannan aiki duka bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Sil ɗin da ya saki yana da wata illar, kuma ita ce ta kai ni ga maganar birki. Giris ɗin da ya tsiyaye yana sauka a kan takalmin birki, takalmin da ya sha maiƙo kuwa ba ya kama ganga, ko da an wanke shi da fetur. Birkin tirela da iska yake aiki. Kwamfireso da ke jikin inji yana cika tankuna, tiyo biyu kuma suna tsallakawa daga kai zuwa bodi, ɗaya yana cika tankin bodi, ɗaya yana kai saƙo idan direba ya taka. Iskar tana shiga wata tukunya da ke kusa da kowane wili ta tura wani sanda, sandan ya murɗa ƙarfen da ke buɗe takalma su matse jikin ganga. Yayin da takalmi ke cinyewa, tazarar da sandan zai yi kafin birki ya kama tana ƙaruwa, kuma a irin tukunyar iskar da aka fi amfani da ita, idan tafiyar sandan ta wuce kimanin santimita 5 birkin ya fita daga ƙa'ida. Ga inda haɗarin yake ɓuya: a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Kano zuwa Wudil, birkin da ya kusa kai wannan iyaka zai riƙa kamawa, direba ba zai ji komai ba. Amma a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, inda ake ta taka birki da kaya a baya, ganga tana ɗaukar zafi ta buɗe, ta yi nesa da takalmin, shi kansa takalmin idan ya yi zafi sosai kamunsa yana raguwa, sai sandan ya kai ƙarshen tafiyarsa bai matse komai ba. Geji yana nuna iska a cike, ƙafa tana kan birki, mota kuma tana ƙara gudu.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon 'yan uwana makanikai su daina, ko da mai mota ya matsa musu. Idan tukunyar iska ta wani wili ta fara yoyo, ko birkinsa yana kamawa, maimakon a gyara sai a naɗe tiyon a ɗaure da waya, ko a toshe shi da kusa, a ce a lallaɓa a kai kaya a dawo. Ba a dawowa a gyara. Wata na gaba a toshe na biyu, har a wayi gari tirela mai aksil shida tana tafiya da birkin aksil uku ko huɗu. Aikin da ya kamata wili goma sha biyu su raba sai ya koma kan kaɗan, su kuma su yi zafi da wuri. Idan birkin bodi ne aka kashe, kai yana tsayawa bodi yana turo shi da nauyin tan talatin ko fiye, kuma a kan jiƙaƙƙen titi abin da ke biyo baya shi ne motar ta naɗe, bodi ya share duk abin da ke gefensa. Haka batun ruwan da ke taruwa a tankin iska: akwai ɗan famfo a ƙarƙashin kowane tanki da ya kamata a ja kullum a zubar da ruwa da maiƙon da suka taru, domin suna rage wa iska wuri kuma suna lalata bawul. Yaron mota zai iya yin wannan kowace safiya kafin a sha shayi. Gwajin yoyo ma ba ya bukatar kayan aiki: a cika iska, a kashe inji, a taka birki a riƙe minti ɗaya ana kallon geji, idan allurar ta sauka fiye da 4 a ma'aunin PSI, akwai inda iska ke fita. Su kuma direbobin da ke sa mota a firi a gangara domin su rage shan man dizal, su sani cewa sun cire wa motar taimakon inji, sun kuma rage gudun kwamfireso a daidai lokacin da aka fi bukatar iska. Ana shiga ƙaramar giya ne tun kafin a fara gangarowa.

Ba zato nake faɗa ba game da girman asarar. Ranar 28 ga Yuni, 2018, tankar fetur ta kama da wuta a gadar Otedola da ke Legas, mutane aƙalla 9 suka rasu, motoci fiye da 50 suka ƙone, kuma rahotannin lokacin sun danganta lamarin da matsalar birki. Ranar 23 ga Satumba, 2020, a Felele da ke Lokoja, wata tankar ta ƙwace ta faɗa kan ababen hawa da masu tafiya, mutane fiye da 20 suka rasu, ciki har da ɗalibai, nan ma birki aka ambata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mun yi imani da ƙaddara, amma birki ba ya tsinkewa dare ɗaya. Akwai wanda ya ga alamar makonni kafin ranar, akwai kuma wanda aka gaya wa ya ce a bari sai an dawo.

Game da taya, yawancin masu karatu sun ji gargaɗin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu daga ranar ƙera ta, amma ba kowa ya san inda ake duba ranar ba. A gefen taya akwai jerin haruffa da lambobi da ke farawa da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwarmu ta dogara da abin da aka shigo da shi, kuma da tsadar dala masu motoci da yawa sun koma ga tayar gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su, in ban da manyan da aka ware domin a sake musu fuska a masana'anta. Al'adar da aka saba ita ce a sa sababbi a gaba, a tura waɗanda suka gaji zuwa bodi. Wasu ma sai an kai su an sassaƙa musu sabon zane da wuƙa mai zafi, mai saye ya yi wa rogo kallon kitse. Gaskiya akwai tayoyin manyan motoci da aka ƙera da kaurin da za a iya zurfafa zanensu sau ɗaya, kuma ana rubuta hakan a gefensu, amma wanda ya sassaƙa har wayar ciki ta bayyana ya buɗe wa ruwa hanyar cin wayar.

Duk da haka, abin da ya fi fasa taya a hanyoyinmu shi ne ƙarancin iska haɗe da lodi. Tayar da iskarta ta gaza tana lanƙwashewa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40 kwalta kuma ta fi haka nesa, robar tana rabuwa da wayar. Ɓallin baƙar robar da ke zube a gefen hanyar Kaduna zuwa Zariya yawanci daga nan yake. Buga taya da sanda ana sauraren ƙara zai nuna wadda ta sace gaba ɗaya, amma ba zai nuna wadda ta rasa kashi ɗaya cikin biyar na iskarta ba, saboda haka geji ne abin dogaro, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Kuskure ne a rage wa taya iska a tsakiyar tafiya don an ga ta ƙaru, domin idan ta huce za ta koma ƙasa da yadda ya kamata. Tayar ciki a cikin biyun da ke jere ita ce marainiya: bakin iskarta yana da wuyar kaiwa, mai faci yana tsallake ta, idan ta yi laushi ta waje ta ɗauki nauyin biyu har ita ma ta fashe. Haɗa doguwa da gajera a wuri ɗaya ma haka yake yi. Bayan an canza wili kuma, a sake bin notoci bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, kuma duk notin da aka ga layin tsatsa yana gangarowa daga gare shi ya saki.

Aksil shi ne ke biyan bashin lodi. Dokar da ƙasashen ƙungiyar UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ciki har da Nijar, suka amince da ita a 2005 ta ƙayyade tan 51 a matsayin iyakar nauyin tirela mai aksil shida da kayanta, kuma ECOWAS ta ɗauki irin wannan tsari a 2012, amma duk wanda ya tsaya a Dawanau ko a kan hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya ga yadda ake jibga buhuna ya san ana wuce wannan iyaka. Maganin da masu motoci suka gano shi ne a kai wa mai walda ya ƙara ganyen sifirin ya ƙarfafa shasi. Bodin zai daina zama ƙasa, amma boris da taya da birki suna nan yadda aka ƙera su, ba a ƙara musu komai ba. Aksil ɗin da ya lanƙwashe ko ya goce yana bayyana a jikin taya, gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗaya, kuma wanda ke bin motar a baya zai ga bodin yana tafiya a karkace. Titin ma yana ɗanɗanawa, domin gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan aksil sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkuwa kusan sau 16. Hana lodin tankoki masu ɗaukar lita 60,000 da gwamnatin Najeriya ta yi daga watan Maris na 2025 mataki ne mai kyau, sai dai hatsi da siminti da shanu ba ta defo suke bi ba.

Ƙananan abubuwan ja ma suna cikin wannan magana. A Turai, duk abin ja da nauyinsa ya wuce kilo 750 dole ya kasance da birkinsa. A Amurka, inda iyalai ke jan ƙananan ɗakunan kwana masu taya zuwa wuraren shaƙatawa, shawarar da masu ƙera aksil ke bayarwa ita ce a buɗe boris a sake masa giris kowace shekara ko bayan mil 12,000, wato kimanin kilomita 19,000, duk wanda ya riga zuwa. An sa sharaɗin shekara ne saboda irin waɗannan ɗakuna suna yin watanni a ajiye, kuma zama wuri ɗaya yana lalata giris da taya kamar yadda tafiya ke yi. Wannan shi ne ainihin halin amalanken tarakta a wurinmu: yana kwana a rana da ruwan sama tun daga rani har kaka, gefen tayoyinsa ya tsattsage, sannan rana ɗaya a cika shi da masara, a ɗora leburori a sama, a hau babban titi da magariba ba birki ba fitila, an maye gurbin fil ɗin da ke haɗa shi da tarakta da guntun rodi. Mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne fil na gaskiya mai makulli, da sarƙa biyu da za su riƙe idan ya fita, da abin da ke ƙyalli a baya. Wanda ke ja da ƙaramar mota kuma ya tsara kaya yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin zai sauka a kan mahaɗin, domin idan nauyi ya koma baya abin jan yana fara lilo hagu da dama har ya kifar da motar.

A ganina, direba ba shi ne babban mai laifi ba, ko da yake shi ake kamawa. Direban da aka ba kuɗin hanya aka ce duk gyaran da ya taso a ciki zai fito, ko wanda ake biya gwargwadon yawan zuwa da dawowa, an riga an koya masa ya toshe tiyo ya wuce. Sau da yawa kuma bodi ɗaya yana yawo tsakanin kawuna daban-daban, babu direban da ke ganin nasa ne. Shi ya sa nake kira ga masu motoci, musamman 'yan ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO, da su ware wa kowane bodi littafinsa, a rubuta ranar da aka buɗe boris, ranar da aka daidaita birki, da shekarun kowace taya, kuma kuɗin wannan aiki ya fito daga aljihun mai mota kai tsaye. Shirin FRSC na duba tankoki a defo kafin a yi musu lodi ya cancanci a faɗaɗa shi zuwa manyan wuraren lodi irin su Dawanau da kasuwannin shanu na Potiskum da Maigatari, tare da shugabannin tasha. Jami'an duba lafiyar motoci na VIO kuma su riƙa sunkuyawa ƙarƙashin mota suna ƙirga wili nawa ne ke da birki mai aiki, domin takarda ba ta nuna tiyon da aka ɗaure da waya.

Daga gare ka kuma, Malam Edita, ina roƙon idan wakilanku sun je wurin haɗarin tirela kada su tsaya a jimlar nan ta birki ya tsinke. Su tambayi jami'an da suka duba motar ko birkin bodi yana haɗe, nauyin kayan nawa ne, wace shekara ce a rubuce a gefen tayar da ta fashe, yaushe aka yi wa motar dubawa ta ƙarshe kuma wane ofishi ne ya sa hannu, sannan su koma bayan wata ɗaya su ji inda binciken ya kwana, su buga mana amsar.

Wassalam.

Naka,
Wani makaniken manyan motoci,
Zariya, Jihar Kaduna.